Kasuwa A Kai Miki Dole: Tarihin Kasuwar Hunturu ta Jokkmokk

Duk ranar Alhamis ta farko a watan Fabrairu, wani ƙaramin gari da ke can ƙuryar arewacin ƙasar Suwidin yakan cika ya batse. Sunansa Jokkmokk, ana furta shi kamar Yokmok. Mazauna garin ba su wuce dubu uku ba, amma a kwana ukun da kasuwarsa take ci, dubun-dubatar baƙi ne suke sauka, har masauki ya yi wuyar samu. Sanyi kuwa ba a magana. Yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, wata shekarar ma ya doshi 40, sai ka ga gashin baki da na ido sun yi fari fat saboda numfashin mutum da ya daskare a kansu. Rana ba ta wuce sa'a shida da 'yan kai a sama, kuma ko a lokacin tana raɓe ne da bakin daji kamar mai jin kunya.

Duk wanda ya ji wannan zai tambaya, wane ne ya rasa lokacin kafa kasuwa sai tsakiyar irin wannan hunturu? Wani sarki ne, kuma ba don ƙaunar ciniki ya kafa ta ba.

Kafin a zo kan sarkin, sai an san masu ƙasar. Samawa, waɗanda suke kiran kansu Sámi, sun daɗe a arewacin Turai tun kafin a shata iyakokin Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha, ƙasashe huɗun da suka raba ƙasarsu ta Sápmi a tsakaninsu. Maƙwabtansu sun daɗe suna kiransu Lapp, sunan da a yau suke ɗauka a matsayin raini. A zamanin da muke magana ba su zama manyan makiyaya ba tukuna. Mafarauta ne da masunta, suna zaune ƙungiya-ƙungiya, kowace ƙungiyar iyalai da nata daji da tafkuna. Suna riƙe da 'yan barewar ƙanƙara kaɗan na gida, wata dabba mai manyan ƙahoni masu rassa, don tatsa da ɗaukar kaya da kuma yaudarar 'yan uwanta na daji su matso kusa da mafarauci. Da bazara sukan watsu, in hunturu ya kama sai su taru a wuri guda cikin dajin da ke ƙasan duwatsu. Irin wannan mazaunin hunturu suke kira dálvvadis, kuma har yau tafkin da ke gefen garin Jokkmokk sunansa ke nan, ko da yake bakin Suwidawa ya mayar da shi Talvatis. Shi kansa sunan garin, Jåhkåmåhkke a harshen Samawan yankin kogin Lule, ma'anarsa lanƙwasar kogi.

Dukiyar wannan daji fata ce. Attajiran Turai da sarakunanta suna son rigunan sanyi na fatun namun daji, kuma fata ba ta yin kauri da sheƙi sai da hunturu. Wasu fatake daga bakin tekun Botniya, waɗanda ake kira birkarl, su ne suka riƙe wannan fatauci tun kusan ƙarni na 13. Sunansu ya fito a wata yarjejeniya ta 1328. Su ne masu saye, su ne masu sayarwa, su ne kuma masu karɓar haraji, suna miƙa wa fada wani ɗan kaso. A tsakiyar ƙarni na 16 Sarki Gustav Vasa ya ga cewa abin da ke shiga aljihun fataken ya fi wanda ke zuwa baitulmali, sai ya karɓe harajin ya naɗa nasa wakilai. Amma wakilin sarki a ina zai sami mutanen da yau suna nan gobe suna can?

Ɗansa Karl na Tara shi ya warware wannan. A 1605 ya ba da umarni a kafa tsayayyun wuraren kasuwa da coci a ƙasar Samawa, kuma a daina ciniki a wani wuri in ba can ba. Jokkmokk na cikin wuraren da aka zaɓa, tare da Lycksele da Arvidsjaur da Jukkasjärvi da Enontekis. Zuwa 1607 an gina coci a wurin. Dabarar a fili take. Tun da mutanen suna taruwa da kansu a wannan lanƙwasar kogi da hunturu, kuma a lokacin ne koguna suke daskarewa su zama hanya santal daga bakin teku zuwa cikin daji, to a nan za a tare su. Mai karɓar haraji ya zo da littafinsa, fasto ya zo da nasa, alƙali ma haka, duka a mako ɗaya.

Akwai wani lissafi kuma da ya fi na fata girma. Karl yana kwaɗayin gabar tekun Arewa mai ƙanƙara, wadda Danmak, mai mulkin Norwe a lokacin, take cewa tata ce. A wancan zamani hujjar mallakar ƙasa ita ce wa mutanenta suke biya wa haraji, kuma a cocin wa suke durƙuso. Wasu Samawa sun sha biyan haraji ga sarakuna biyu, wasu ma uku in an haɗa da na Rasha. Karl har ya ƙara wa laƙabinsa na sarauta cewa shi ne sarkin Samawan arewa. Wannan na cikin abin da ya fusata Sarki Kirista na Huɗu na Danmak, aka gwabza yaƙin Kalmar daga 1611 zuwa 1613. Karl ya mutu a shekarar farko ta yaƙin, kuma a sulhun Knäred Suwidin ta janye da'awarta a kan gabar tekun. Burin sarki ya bi ruwa, kasuwarsa ta zauna.

Hausawa na cewa kasuwa a kai miki dole. A Jokkmokk maganar ba karin magana ba ce, doka ce. Zuwa wajibi ne, kuma wanda ya ƙi halartar coci yana iya fuskantar tara. Iyalai sukan iso cikin ayari, kowace barewa ɗaure a bayan ta gabanta, tana jan wani abu mai kama da rabin kwalekwale a kan dusar ƙanƙara, cike da fatu da busasshen kifi da nama da cuku da takalma da safar hannu na fata. Sai an biya na sarki kafin a buɗe ciniki. A farkon ƙarni na 17 fada ta fi son a biya ta da busasshen kifi da barewa a tsaye, domin tana da sojoji a fagen fama da ke bukatar abinci. Wani masanin tarihi ɗan Suwidin, Lennart Lundmark, yana ganin wannan jangali, tare da ƙarewar namun daji saboda yawan farauta, su ne suka tura Samawan yankin Lule suka koma kiwon manyan garkuna. Wasu masanan suna ganin sauyin ya faro tun kafin nan. Ko ma wanne ne, makiyayin da baƙi suke zuwa ɗaukar hotonsa a yau a matsayin al'adar da ba ta taɓa canzawa ba, shi ma tarihi ne ya ƙera shi, kuma littafin mai haraji yana da hannu a ciki.

Bayan garin Luleå na bakin teku ya sami takardar zama birni a 1621, 'yan kasuwarsa suka gaji birkarl. Suna kawo gishiri da gari da man shanu da bargon ulu da tukwanen jan ƙarfe da gatura da taba. Suna kawo azurfa ma, domin makiyayi ba ya gina gida ya zuba dukiya a ciki, abin da zai iya ɗauka ya yi gaba shi ne ajiyarsa. Cokulan azurfa da kofuna da manyan maɓallan ƙirji da maƙeran birane suke ƙerawa daidai da yadda Samawa suke so, su ne bankin iyali, su ne kuma abin nunawa ranar neman aure. Sannan suna kawo barasa. Wannan ita ce ɓarakar kasuwar tsawon ƙarnuka. Ɗan kasuwa ya san cewa in an fara da kofi, farashin fata yakan sauko, kuma bashin bana shi ke ɗaure mutum ya dawo wurinsa baɗi.

Sai dai kada a ɗauka Samawa sun zo ne kawai a yi musu aski. Kotun da ke zama lokacin kasuwa tana da Samawa cikin masu taya alƙali yanke hukunci, kuma shekaru da dama rigingimun tafki da makiyaya bisa al'adarsu ake warware su. Ƙasar da iyali ke biya wa haraji ana kallonta tasu ce, ana gadonta. Sai daga baya, a hankali, ofishin gwamna ya janye wannan iko daga hannun kotu, ƙasar ta koma a kira ta ta gwamnati. Ban da haka, mutanen da suka yi wata goma ba su ga juna ba, a nan suke haɗuwa. A nan ake ɗaura aure, a yi wa jarirai baftisma, a ji labarin wanda ya rasu a kan dutse da kaka. Har gawa takan jira. A shingen katako da ke kewaye da tsohuwar cocin da aka gina a 1753 akwai wasu ramuka da ake ajiye akwatunan gawa a ciki, sai ƙasa ta saki da bazara a haƙa kabari. Cocin ta ƙone a 1972, aka sake gina ta yadda take.

Ƙarni na 17 bai yi wa Samawa daɗi ba. Da aka gano azurfa a dutsen Nasa a shekarun 1630, aka tilasta musu jigilar tama da barewarsu, har wasu suka tsere Norwe. Daga baya aka buɗe wata ma'aikatar narka azurfa a Kvikkjokk, cikin yankin Jokkmokk ɗin kansa. A 1673 gwamnati ta yi shelar cewa duk manomin da ya yarda ya je ya zauna a ƙasar Samawa an yafe masa haraji na shekara 15, kuma ba za a ɗauke shi soja ba. Abin mamaki, gwamnan da ya kawo shawarar, Johan Graan, shi kansa jinin Samawa ne. Ya yi imani cewa manomi da makiyayi ba za su taɓa takurawa juna ba tun da abin da kowa ke nema a ƙasa daban ne. Duk wanda ya san yadda gona take cin burtali ya san inda wannan lissafi ya kuskure.

Coci kuma ta sa ƙafar wando ɗaya da addininsu na gargajiya. Samawa suna da ganga mai zane-zane a fatarta, wadda masanin asirinsu, noaidi, yake kaɗawa don neman sani game da farauta ko ciwo ko tafiya. A wuraren kasuwa da kotu ne aka riƙa umartar mutane su miƙa gangunansu. An ƙone da yawa, an aika wasu gidajen tarihi na Turai, inda wasunsu suke har yau. A 1693 aka ƙone wani Basame mai suna Lars Nilsson a Arjeplog, kudu da Jokkmokk, saboda ya ƙi barin tsohon addini. Waƙarsu ta gargajiya, joik, ita ma aka ce zunubi ce. Ita wannan waƙa ba a yin ta game da mutum, shi mutumin ake rerawa, kamar yadda take yake tsayawa a madadin mai shi. Mutum na da nasa, dutse na da nasa, barewa ma haka.

Wanda ya fi kowa yaƙar barasar kasuwa daga cikin gida ya fito. Lars Levi Laestadius, wanda aka haifa a 1800 kuma ya tashi a Kvikkjokk, fasto ne masanin tsirrai mai dangantaka da Samawa, yana kuma jin harshensu. Daga shekarun 1840 wa'azinsa ya kama arewa kamar wutar daji. Ya zagi masu sayar da giya ba sassauci, mutane suka tuba, satar barewa ta ragu. Amma shi ma farkawar tasa ta ɗauki joik aikin shaiɗan, don haka a gidaje da yawa iyaye da kansu suka daina koya wa 'ya'yansu.

Sauran abin iyakoki suka ƙarasa. Lokacin da aka shata iyakar Suwidin da Norwe a 1751, an haɗa da wata takarda da ta amince makiyaya su ci gaba da ƙetarawa da garkunansu kamar yadda suka saba. Amma a 1852 aka rufe iyakar Norwe da Finlan, a 1889 aka rufe ta Suwidin da Finlan, sannan yarjejeniyar 1919 tsakanin Suwidin da Norwe ta hana Samawan yankin Karesuando yawancin makiyayarsu ta bazara a bakin tekun Norwe. Gwamnati ta kwashe iyalai da dama ta tura su kudu, wasu zuwa yankin Jokkmokk, cikin ƙasar wasu Samawan masu wani harshe da wani salon kiwo. An yi zaman doya da manja, kuma tabon bai gama warkewa ba. Marubuciya Elin Anna Labba ta tattara labarin wannan ƙaura ta dole a littafin da ya ci babbar kyautar adabi ta August a 2020. Shi ya sa wanda ya san kan abin, in ya tsaya a kasuwar yau, zai ji harsunan Samawa fiye da ɗaya, zai kuma iya gane asalin mutum daga ɗinkin rigarsa da fasalin hularsa.

A shekarun nan ne dai gwamnati ta ƙirƙiro makarantun 'ya'yan makiyaya a 1913, masu ƙarancin karatu da gangan, wai don kada yaran su saba da zaman gida su bar kiwo. A 1922 aka buɗe cibiyar nazarin launin fata a Uppsala ƙarƙashin Herman Lundborg, ma'aikatanta suka riƙa yawo arewa suna auna kawunan Samawa, suna ɗaukar hotunansu, wasu tsirara. Kogin Lule kuma aka ɗaure shi da madatsun ruwa. Tashar lantarki ta Porjus ta fara aiki a 1915, aka bi da madatsar Suorva wadda aka riƙa ƙara mata tsawo, kowane ƙari yana haɗiye makiyaya da matsugunai. Jirgin ƙasa ya iso, kantuna suka buɗe duk shekara. Wanda zai iya sayen gishiri ranar da ya ga dama, me zai jira a kasuwar Fabrairu? Yawancin kasuwannin da Karl ya kafa sun rage armashi ta wannan hanya.

Ta Jokkmokk ba ta mutu ba, kuma a ganina dalilin shi ne abin da sarki bai sa a lissafinsa ba. Ya tara mutane don ya ƙirga su, su kuma suka saba da ganin yawansu. Makarantar manya ta Samawa, wadda aka fara a Sorsele a 1942, ta koma Jokkmokk a 1945, ta zama wurin da matasa daga sassa daban-daban suke haɗuwa suna koyon harshe da sana'ar hannu. A 1950 a garin nan aka kafa ƙungiyar Samawan Suwidin ta ƙasa baki ɗaya. A 1989 aka buɗe gidan tarihin Ájtte, sunan da ke nufin rumbun katako da ake ɗorawa kan dogayen ƙafafu don kada dabba ta kai ga abinci. Ranar al'ummar Samawa kuma, 6 ga Fabrairu, wadda ake tunawa da babban taronsu na farko a Trondheim a 1917 ƙarƙashin jagorancin Elsa Laula Renberg, an fara bikinta a 1993, kuma sau da yawa takan faɗo a makon kasuwa.

Yau in ka shiga kasuwar za ka tarar da tarkace irin na kowace kasuwa, alewa da safa da kayan roba. Masu neman na gaske sukan wuce makarantar Samawa da gidan tarihi, inda masu duodji, wato sana'ar hannu, suke baje kolinsu. Akwai wuƙaƙe masu kube na ƙaho da aka yi wa zane da tsinin wuƙa, da kofunan da aka sassaƙa daga ƙullutun bishiya, da kwanduna na saiwa, da jakunkunan fata masu ado da zaren kuza. Tun 1982 akwai tambarin da ke shaida cewa Basame ne ya yi abu da hannunsa, saboda jabu ya yi yawa. Ana cin suovas, naman barewa mai gishiri da aka yi wa banda, a naɗe cikin gurasar gáhkku, ana shan gahawa da gutsuren cuku ko busasshen nama a ciki. Ana tseren barewa a kan daskararren tafkin Talvatis. Kowace rana ayarin barewa yakan ratsa tsakiyar kasuwa, al'adar da Per Kuhmunen da iyalinsa suka riƙe shekaru da dama. Joik da aka hana, yanzu a dandamali ake yin ta, har a cikin coci. Matasa kuwa sukan shafe watanni suna ɗinkin rigar da za su sa a rawar dare, don har gobe kasuwar wurin ganin juna ce. An yi bikin cikarta shekara 400 a 2005. A 2021 annobar korona ta sa aka yi ta ta intanet, shekarar da Cocin Suwidin, ta bakin shugabarta ta lokacin Antje Jackelén, ta nemi gafarar Samawa a bainar jama'a a Uppsala.

Ba kowane Basame ke jin daɗin yadda abin ya koma ba. Akwai masu ƙorafin cewa baƙo yakan cusa musu kyamara a fuska ba sallama, kamar su ma kayan kasuwa ne. Kuma cikin Samawan Suwidin kusan ɗaya cikin goma ne kawai ke kiwo, sauran malamai ne da ma'aikatan jinya da direbobi da lauyoyi, waɗanda hoton ayarin barewa bai faɗi komai game da rayuwarsu ba.

Tsohuwar rigimar ƙasa ma tana nan. A Gállok, tafiyar ƙasa da sa'a ɗaya a mota yamma da garin, kamfanin Beowulf Mining na Ingila yana son haƙar tama a wurin da garkunan ƙungiyar makiyaya ta Jåhkågasska suke bi tsakanin duwatsun bazara da dajin hunturu, kusa da yankin Laponia da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1996. A 2013 masu adawa suka tare hanya, 'yan sanda suka ɗauke su. Garin ya rabu biyu, domin wasu mazauna suna ganin ma'adinin ne zai kawo aikin yi a wurin da matasa ke ta ƙaura. A watan Maris na 2022 gwamnati ta ba kamfanin izinin mallakar ma'adinin bisa wasu sharuɗɗa, sauran izinin muhalli. Tun daga 2013 da wuya a ci kasuwar ba a ga kwalaye da tutar Samawa mai ja da shuɗi da kore da rawaya a tsakanin rumfuna ba.

Ranar Asabar da yamma ake naɗe rumfuna, motocin baƙi su kama hanyar Luleå. Makiyayi kuwa yakan cire rigar ado ya hau babur ɗinsa na kan ƙanƙara ya koma daji, don akwai abin da ya fi damunsa. A 'yan shekarun nan ruwan sama yakan sauko a tsakiyar hunturu, sannan sanyi ya dawo ya daskarar da shi, ƙanƙara mai tauri ta rufe farar gansakukar da barewa ke tona da kofato ta ci. In haka ta faru, ko dai ya kora garken zuwa wani dajin, in akwai wanda masu yankan katako suka bari, ko kuma ya sayi abincin buhu da kuɗin naman da ya sayar a kasuwa.